Kofi Goma Sha Uku da Waƙa: Yadda Amurkawan Farko Suka Yi Bikin 'Yanci

Ranar 14 ga Agusta, 1769, saura shekara 7 Amurka ta shelanta 'yancinta, mutum 350 suka hallara cin abinci a filin wani masauki a Dorchester, kusa da Boston. 'Yan ƙungiyar nan ne da ke kiran kansu 'Ya'yan 'Yanci, waɗanda suka sa ƙafar wando ɗaya da harajin da majalisar Birtaniya ke ɗora wa yankunanta na Amurka. Cikin mahalarta akwai wani lauya ɗan shekara 33, John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu. Da ya koma gida sai ya rubuta abin da ya gani a littafinsa na tunawa. Sau 14 aka ɗaga kofi a gindin bishiyar da suka saba taruwa a Boston, sannan sau 45 a wurin cin abincin. Aka rera waƙar 'yanci, jama'a duka suka karɓi amshi. Adams ya ce shi bai ga ko mutum ɗaya da ya bugu ba. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne dabarar shugabannin tafiyar, James Otis da Samuel Adams, domin ya lura cewa irin wannan zama yana cusa wa mutane son 'yanci, yana ƙara musu ƙaunar jagororinsu, yana kuma nesanta su da abokan hamayya.

Ko lambar 45 ɗin ma saƙo ce. A 1763 wani ɗan majalisar Ingila, John Wilkes, ya caccaki jawabin sarki a fitowa ta 45 ta jaridarsa, aka kama shi, tun daga nan lambar ta zama alamar masu adawa a duka ɓangarori biyu na tekun Atalantika. Wanda ya ƙirga kofuna a ranar ya san abin da ake nufi.

Yawancinmu addini ya haramta mana giya, don haka abu ne mai sauƙi mutum ya ji wannan labari ya kau da kai, ya ce sha'anin mashaya ne. Ina ganin wanda ya yi haka ya tsallake wani babban babi na yadda aka gina ƙasar da yau take juya duniya. A kan irin waɗannan tebura Amurkawa suka koyi kiran kansu al'umma ɗaya, a nan jam'iyyunsu na farko suka yi wayo, kuma daga nan karin taken ƙasarsu ya fito. A kan teburan ne kuma aka nuna wa wasu miliyoyin mutane cewa ba da su ake ba.

Sai an san matsayin masauki a wancan zamani kafin a gane batun. Garuruwan Amurka na ƙarni na 18 ba su da manyan zaurukan taro. Gidan saukar baƙi, inda ake sayar da abinci da giya, shi ne wurin da wasiƙu ke isowa, inda wanda ya iya karatu ke karanta wa sauran jarida, inda ake gwanjo, wani lokaci ma har kotu ke zama. Al'adar ɗaga kofi kuwa daga Ingila suka gaje ta: mutum ya miƙe tsaye, ya faɗi 'yar gajeruwar magana ta fatan alheri ga wani mutum ko wata manufa, kowa ya kurɓa alamar ya yarda. A taron Turawan Ingila, kofin farko na sarki ne. Saboda haka duk wanda ya ƙi ɗaga nasa ya fallasa kansa a bainar jama'a, babu wurin ɓuya.

Waƙar da aka rera a Dorchester ita ce wadda John Dickinson na Pennsylvania ya rubuta a 1768, mai suna The Liberty Song, martani ga sababbin harajin da aka sa kan shayi da takarda da gilashi da fenti a 1767. Dickinson bai ƙirƙiro sabon kari ba. Ya ɗora baitocinsa ne a kan karin Heart of Oak, waƙar sojojin ruwan Birtaniya da William Boyce ya tsara, wadda kowane matuƙin jirgi da ɗan dako a tashar Boston ya haddace. Wannan ita ce hanyar da kusan duk waƙoƙin zamanin suka bi. Jarida takan buga baitoci kawai, a sama ta rubuta sunan karin da za a bi, shi ke nan. Ba a buƙatar makaɗi ko wanda ya iya karanta rubutun kiɗa. Waƙar da aka buga a Boston ranar Litinin tana iya isa bakin mutanen wani gari kafin wata ya ƙare. Wani abin lura shi ne baitin ƙarshe na waƙar Dickinson ɗaga kofi ne ga lafiyar sarki da ɗaukakar Birtaniya, bisa sharaɗin ta yi adalci. A 1768 mutanen nan ba ballewa suke nema ba, haƙƙinsu na 'yan Ingila suke nema, da muryar Ingila kuma suke neman sa. Magoya bayan sarki ba su ɓata lokaci ba, suka fito da tasu ta zambo a kan karin guda, 'yan adawa suka sake mayar musu da martani, duk a kan kari ɗaya.

Da aka shelanta 'yanci a Yulin 1776, Adams ya rubuta wa matarsa Abigail cewa jikoki za su riƙa raya ranar da jerin gwano da ƙararrawa da harbin bindiga da hasken wuta. Ranar 2 ga wata ya zata, domin ran nan majalisa ta kaɗa ƙuri'a, amma ranar 4, wadda ke rubuce a kan takardar shelar, ita ta zauna. Bikin farko na cikar shekara, a Filadelfiya a 1777, shi ya kafa tsarin da aka bi shekaru da dama. Jiragen yaƙi a kogi suka harba igwa 13-13, ɗaya don kowace jiha. Aka shirya wa 'yan majalisa liyafa, masu kiɗa kuwa sojojin haya ne Jamusawa da Washington, kwamandan sojojin Amurka, ya kama a Trenton a Disambar da ta gabata. Bayan kowane kofi sai a amsa da harbin bindiga ko kiɗa. Da dare aka haskaka gidaje da kyandir, gidajen da suka ƙi kunnawa, yawancinsu na mabiya ɗariƙar Quaker masu ƙin yaƙi, aka farfasa musu tagogi. Tun daren farko ke nan murna da tilas suka zo tare. A shekarar da ta biyo, Washington ya ba da umarnin a ninka wa kowane soja rabonsa na giyar rake albarkacin ranar.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin yadda ake tsara kofunan shi ne zuciyar al'amarin. Ba magana ce ta wanda ya bugu ya miƙe ya saki baki ba. Kwanaki kafin biki akan naɗa kwamiti, ya zauna ya rubuta kalmomin kofuna 13, a yi gardama a kan kowace kalma. Da jihohi suka ƙaru, wasu suka riƙa ƙara yawan kofuna daidai da su. Jerin yakan fara da ita ranar kanta, sai ƙasa, sai majalisa, sai Washington, sai waɗanda suka faɗi a fagen fama, waɗanda akan sha nasu a tsaye cikin shiru, sai noma da kasuwanci da sana'a. A gaban kowane kofi an rubuta abin da zai biyo baya: igwa nawa, shewa nawa, wace waƙa. Idan an gama na kwamiti sai a buɗe fili ga masu sa kai, kowa ya faɗi nasa. Washegari a kai takardar gidan jarida, a buga ta kaf, jaridun wasu garuruwa su kwafa. Manomi a wani ƙauyen Vermont zai karanta abin da aka sha a kai a Charleston, ya ga cewa mutanen da bai taɓa gani ba sun faɗi irin abin da ya faɗa a rana ɗaya. Masanin tarihi David Waldstreicher, a littafinsa na 1997, ya nuna cewa wannan zagaye daga tebur zuwa jarida, daga jarida zuwa wani teburin, yana daga cikin abubuwan da suka ƙulla kishin ƙasa a Amurka. Na gamsu da wannan bayani. Ƙasar ba ta da sarki, ba ta da coci guda, ba ta da dogon tarihi na kowa da kowa, kuma mutumin Virginia ya fi jin kansa ɗan Virginia. Abin da ya haɗa su shi ne rana ɗaya a shekara da 'yan karuruwan waƙa da kowa ya sani.

Aikin waƙa a tsakanin kofuna shi ne ta ba maganar nauyi, ta kuma ba kowa baki. Mai ɗaga kofi mutum ɗaya ne, amma amshi na taro ne.

Cikin karuruwan da aka fi ɗora wa baitoci, babu wanda ya kai na wata ƙungiyar Landan tasiri. Ana kiranta ƙungiyar Anakiriyon, don tunawa da mawaƙin Girka na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya shahara da waƙoƙin giya da soyayya. Lauyoyi ne da likitoci da attajirai masu son kiɗa, suna haɗuwa a masaukin Crown and Anchor. Zamansu yakan fara da sa'o'i na kiɗan ƙwararru, har mashahurin makaɗin nan Joseph Haydn ya halarta a 1791, sai cin abinci, sai waƙe-waƙe. A shekarun 1770 shugabansu Ralph Tomlinson ya rubuta musu take, John Stafford Smith ya yi masa kari. Baitocin suna yabon haɗa giya da ƙauna, babu musu a kan wannan. Sai dai karin ba na kowa da kowa ba ne. Daga ƙasan muryarsa zuwa ƙololuwa matakai 12 ne a ma'aunin kiɗan Turawa, an yi shi ne don gwani ɗaya ya nuna bajinta, sauran su karɓi layin ƙarshe. Shi ya sa har gobe mawaƙa ke shan wuya da taken Amurka, wanda ke kan wannan kari, a filayen wasa. Wasu masana kiɗa, irin su Mark Clague, suna ƙin a kira shi waƙar mashaya kai tsaye, kuma suna da hujja ta fuskar wahalar rera shi. Amma a ganina kada kare martabar take ya sa a rufe gaskiya: a gidan giya aka haife shi, giya yake yabo, a bakin tebur kuma ya ƙetare teku. Kafin 1820 Amurkawa sun ɗora masa waƙoƙi fiye da 80.

Shekarun 1790 su suka mayar da teburin fagen daga. Juyin juya halin Faransa ya raba Amurkawa gida biyu. 'Yan Fedaral, mutanen Adams, suna son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da zaman lafiya da Birtaniya. Mutanen Thomas Jefferson, da ake kira 'yan Rifablikan a lokacin, kuma ba su ne jam'iyyar da ke da wannan suna yau ba, suna tare da Faransa. Garuruwa da yawa suka koma yin biki biyu a ranar 4 ga Yuli, masauki biyu, jerin kofuna biyu. Mutanen Jefferson suna karanta takardar shelar 'yanci da babbar murya, tunda gwaninsu ne ya rubuta ta, suna rera waƙoƙin juyin Faransa irin su La Marseillaise. 'Yan Fedaral ba su cika ɗokin takardar ba, sun fi son ambaton Washington. Wanda ya san yadda mawaƙan NEPU da na NPC suka riƙa jifan juna da baitoci a shekarun 1950 zai gane yanayin nan da nan.

A 1798, lokacin da aka kusa gwabza yaƙi da Faransa, waƙoƙi biyu suka fito daga ɓangaren gwamnati. Joseph Hopkinson ya rubuta Hail Columbia, aka fara rera ta a gidan wasan kwaikwayo na Filadelfiya a watan Afrilu, ita ce kuma ta riƙe matsayin take a aikace tsawon ƙarni na 19. A Boston, Robert Treat Paine ƙarami ya rubuta Adams and Liberty a kan karin ƙungiyar Landan ɗin nan, ta bazu ko'ina a matsayin waƙar goyon bayan shugaban ƙasa. Abokan hamayya suka amsa da tasu ta yabon Jefferson a zaɓen 1800. A shekarar 1798 ɗin ce majalisa ta kafa dokar hukunta masu ɓata sunan gwamnati, kuma cikin waɗanda ta ci akwai wani Luther Baldwin na Newark. Yana ƙofar gidan giya, ya sha, ana harba igwa don girmama Adams da ke wucewa, ya faɗi baƙar magana cewa bai damu ba ko harbin ya sami shugaban a mazaunai. Aka gurfanar da shi, aka ci shi tara. Adams ɗin da ya yaba wa siyasar tebur a 1769, yanzu gwamnatinsa ce ke hukunta maganar tebur. Jaridun adawa suka yi ta yamaɗiɗi da shari'ar, kuma ƙyamar wannan doka tana cikin abin da ya kayar da shi a zaɓe.

Francis Scott Key lauya ne a Georgetown, kuma waƙarsa ta 1814, wadda daga baya ta zama taken ƙasar, ba ita ce ta farko da ya ɗora wa karin ƙungiyar Landan ba. A Disambar 1805 aka shirya liyafa a wani masauki don karrama hafsoshin ruwa Stephen Decatur da Charles Stewart, bayan yaƙin da Amurka ta yi da Tarabulus ta Libiya daga 1801 zuwa 1805, zamanin Yusuf Karamanli. Key ya rubuta waƙar da aka rera a teburin. A cikinta ya kwatanta taurarin tutar Amurka suna dusashe jinjirin wata, masu rawani kuma suna sunkuyar da kai. A nan ya fara gwada siffar tuta mai taurari da ya sake amfani da ita bayan shekara 9. Musulmi mai karanta tarihin wannan take ya cancanci ya san cewa zanensa na farko waƙar murnar nasara ce a kan wata daular Musulmi. Ban kawo wannan don hura wutar gaba ba. Yaƙin na kuɗin fito ne da kamen jiragen kasuwanci a Bahar Rum, amma mawaƙin da kansa ya zaɓi ya sa masa rigar addini, kuma taron ya karɓi amshi.

Labarin 1814 sananne ne, ba sai an ja shi ba. A wani sabon yaƙi tsakanin ƙasashen biyu, Birtaniya ta ƙone fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa a Washington a watan Agusta, ta nufi Baltimo. Key ya je wurin rundunar ruwansu neman a saki wani likita, William Beanes, aka tsare shi a jirgi har a gama farmaki. Daga nan ya kalli ruwan bama-bamai a kan sansanin McHenry na kusan sa'a 25, daga 13 zuwa 14 ga Satumba, da gari ya waye ya ga tutar Amurka na nan. Cikin 'yan kwanaki aka buga baitocinsa, a samansu an rubuta karin da za a bi, kamar yadda aka saba. Mutumin da ke murnar tsira daga Ingila ya yi murnar da karin Ingila, kuma babu wanda ya ga baƙon abu a ciki, domin zuwa lokacin kunnen Amurkawa ya riga ya mayar da karin nasu.

Yanzu sai tambayar da ta fi damuna: su wa ke zaune a teburin? Ƙidayar 1790 ta sami mutum kusan miliyan 3.9 a Amurka, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne. A jihohin kudu su ke dafa abincin liyafar, su ke zuba giyar, suna tsaye a bayan kujeru ana rera baitocin da ke cewa Amurkawa sun gwammace mutuwa da bauta. Bautar da mawaƙan ke nufi ita ce biyan haraji ba tare da wakilci ba. Ita kanta giyar raken da aka raba wa sojoji tana da nata tarihin. Daga ruwan rake mai kauri ake yin ta, wanda bayi ke samarwa a gonakin tsibiran Karebiyan, a dafa shi a Rhode Island da Massachusetts, sannan jiragen Newport su ɗauki ganguna zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, musamman gaɓar da take Ghana a yau, su musanya da mutane. Abin da ke cikin kofin 'yanci ya taɓa zama kuɗin sayen ɗan Adam daga yankinmu.

Key shi ma mai bayi ne. Ya 'yanta wasu daga cikinsu, ya tsaya wa wasu baƙaƙe a kotu, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 1816 mai neman kwashe 'yantattun baƙaƙe zuwa Afirka, wadda ta haifar da Laberiya. Amma da ya zama lauyan gwamnati a Washington, shi ya gurfanar da Reuben Crandall a 1836 saboda mallakar takardun yaƙi da bauta. Baiti na uku na waƙarsa, wanda ba a rerawa yanzu, yana murnar cewa sojan haya da bawa ba su sami mafaka ba. Masana sun saɓa kan wanda yake nufi. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne a Afrilun 1814 Birtaniya ta yi shelar 'yanci ga duk bawan da ya gudo wurinta, dubbai suka gudu, wasunsu suka ɗauki makami a rundunarta.

Mata ma ba su da kujera a yawancin liyafofin. Sukan halarci jawabin coci da safe, su kalli jerin gwano, amma idan an zo tebur sai maza. Kofin da aka keɓe musu kusan kullum shi ne na ƙarshe, yabon kyau da tarbiyya, a sha shi ba sa nan. 'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda ake ƙwace wa filaye, in an ambace su a matsayin abokan gaba ne ko abin tausayi. Baƙaƙen da ke da 'yanci a arewa sun sha fuskantar tsangwama daga bugaggun fararen fata a ranar bikin, shi ya sa da jihar New York ta kawo ƙarshen bauta ranar 4 ga Yulin 1827, da yawa suka ɗage jerin gwanonsu zuwa ranar 5. A ranar 5 ga Yulin 1852 ne kuma Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya tsaya a Rochester ya tambayi masu sauraronsa mene ne ma'anar wannan rana ga bawa. Ya yaba wa waɗanda suka kafa ƙasar, sannan ya gaya musu cewa murnar tasu ce, shi makoki yake yi.

Batun bugu kuwa, shaidar Adams ta Dorchester ba ta wakiltar abin da ya biyo baya. A Satumbar 1787, ana dab da sa hannu kan tsarin mulki, wata rundunar mahaya ta Filadelfiya ta shirya wa Washington liyafa, takardar kuɗin tana nan har yau: mutum 55, kwalba 54 ta giyar Madeira, 60 ta jar giyar inabi, ban da sauran nau'o'i. Wannan na manya ke nan. Talaka kuwa wiski ya samu, bayan manoman yamma sun gano cewa ya fi sauƙi su mayar da masara barasa da su yi dakonta a kan duwatsu. Harajin da aka sa masa a 1791 har tawaye ya jawo a yammacin Pennsylvania a 1794. A shekarun 1820 galan ɗaya yakan sauko har santi 25, ya fi shayi da kofi araha. Masanin tarihi W. J. Rorabaugh ya ƙiyasta cewa a 1830 kowane Ba'amurke mai shekara 15 zuwa sama yana shan kimanin galan 7 na zallar sinadarin barasa a shekara, ninki fiye da biyu na abin da suke sha yau. Bayan wannan lissafi akwai albashin da bai isa gida ba, da matan da aka doka, da yaran da suka kwana da yunwa. Waƙar kishin ƙasa ta ba shan wata daraja da bai cancanta ba, ta sa wanda ya ƙi kofi ya zama kamar wanda ya ƙi ƙasa.

Tun da wuri wasu sun hango haka. Likita Benjamin Rush, ɗaya daga cikin masu sa hannu a shelar 'yanci, ya wallafa ƙasida kan illar barasa mai ƙarfi a 1784. A babban bikin Filadelfiya na 4 ga Yulin 1788, na murnar amincewa da tsarin mulki, mutum kusan 5,000 suka yi jerin gwano, wajen 17,000 suka ci abinci a fili, aka ɗaga kofi 10 don jihohi 10 da suka amince, amma ba a kawo barasa mai ƙarfi ba, sai giyar sha'ir da ta tuffa da aka yi a gida. Rush ya yi farin ciki da yadda taron ya watse ba rigima. Sai a 1826 aka kafa ƙungiyar yaƙi da shan giya ta ƙasa a Boston, shekarar da Adams da Jefferson suka rasu a rana guda, ranar 4 ga Yuli, shekara 50 cif da shelar. Cikin shekara 10 ƙungiyar ta tara mambobi fiye da miliyan, mata na kan gaba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba su yaƙi bikin ba, shiga cikinsa suka yi. Suka shirya nasu liyafofin 4 ga Yuli da ruwan sanyi, suka riƙe jerin kofuna da waƙoƙi, suka kira barasa sabon azzalumin sarki da ya wajaba a yi wa tawaye. Yaran makarantun coci suka riƙa jerin gwano da tutoci. A irin wannan taron yara ne, a cocin Park Street na Boston ranar 4 ga Yulin 1831, aka fara rera waƙar America ta Samuel Francis Smith, ita ma a kan karin taken sarkin Ingila. Kafin 1850 shan barasa ya ragu da fiye da rabi.

A shekarun 1840 masu yaƙi da giya suka ɗora nasu baitoci a kan karin ƙungiyar Landan, suna bayyana halin da mashayi ke wayar gari a ciki. Masu yaƙi da bauta su ma suka ɗora nasu, suna tambaya ko ana jin kukan bayi a ƙarƙashin tutar. Waɗanda aka hana kujera sun sami ƙofa ta hanyar da Dickinson ya buɗe a 1768, tunda kari ba shi da mai shi, duk wanda ya iya tsara baiti yana iya hawa.

Waƙar Key ta daɗe kafin ta zama take a hukumance. Rundunar ruwa ta fara amfani da ita wajen ɗaga tuta a 1889, shugaba Woodrow Wilson ya ba da umarnin a riƙa kaɗa ta a bukukuwan soja a 1916. Da ɗan majalisa John Charles Linthicum na Maryland ya dage sai an mayar da ita doka, masu adawa suka kawo hujjoji uku: tana da wuyar rerawa, tana cike da yaƙi da ƙin Ingila, kuma karinta na gidan giya ne. Hujja ta uku tana da nauyi a lokacin, domin tun 1920 tsarin mulki ya haramta yin giya da sayar da ita a faɗin ƙasar. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum kimanin miliyan 5. Shugaba Herbert Hoover ya rattaba hannu ranar 3 ga Maris, 1931, haramcin giya bai ɗage ba sai a Disambar 1933.